Gentile, Ɗan Tarabulus, Da Mu 'Yan Sabo

'Yan uwa masu leƙo wannan shafi daga Sabon Badun, da Shagamu, da Agege, da Abekuta, da sauran zangunanmu na ƙasar Yarbawa, ina yi muku fatan alheri. Na kwana biyu ban yi rubutu ba, a yi haƙuri, hidimar shago ce ta sha kaina. Yau da maganar ƙwallo na zo, kuma na san akwai dattawan da za su ce yaron nan ya rasa abin yi. To Baba, a yi mini uzuri a karanta har ƙarshe, idan an ga shirme ne sai a ja mini kunne.

Labarin wani ɗan wasan baya ne na ƙasar Italiya mai suna Claudio Gentile. Haka ake rubuta sunan, amma "Jantile" ake faɗa. Ya daina taka leda tun 1988, ni kuwa a 1999 aka haife ni, ka ga ke nan ban taɓa ganin wasansa kai tsaye ba. A bakin kawuna na fara jin sunansa, kuma a daren da na ji shi saura ƙiris a ba hammata iska a gidan kallon unguwarmu.

Ranar Lahadi ce, 11 ga Yuli 2021, saura kwana tara Babbar Sallah, ko'ina ka juya a Sabo kukan raguna ne. Ana wasan ƙarshe na kofin nahiyar Turai tsakanin Ingila da Italiya a filin Wembley. Gidan kallo ya cika maƙil, mu 'yan Sabo ga mu, abokanmu Yarbawa na Mokola ga su, kuma kusan kowa Ingila yake so. Dalili biyu ne. Na farko, tun 1994 'yan Nijeriya suke riƙe da Italiya a zuci, lokacin da Amunike ya ci musu ƙwallo a kofin duniya na Amurka, saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara ta biyu da fenariti a ƙarin lokaci. Yaran da ba a ma haife su ba a shekarar sun gaji wannan haushi. Na biyu kuwa Bukayo Saka ne, yaro ɗan shekara 19, haifaffen Landan amma iyayensa Yarbawa. Duk sanda ya taɓa ƙwallo sai ka ji 'yan Mokola suna ihun "omo wa ni", wato ɗanmu ne.

Ana ɗaya da ɗaya, ana daf da busa tashi, sai Saka ya zille wa kyaftin ɗin Italiya, Giorgio Chiellini, a bakin layi, ya kama hanya. Tsohon nan mai shekara 36 ya san ba zai cim masa da gudu ba, kawai sai ya miƙa hannu ya cafko wuyan rigarsa ta baya, ya finciko shi ƙasa kamar an fizgo ɗan akuya daga buhun masara. Alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi kawai. Gidan kallo ya kaure da zagi. Ni kuwa, da yake baya nake bugawa a ƙungiyar layinmu, sai bakina ya suɓuce na ce ai abin da ya kamata ya yi ke nan. Wani ƙato daga bencin gaba ya juyo ya ce dama ku Gambari mugunta a jininku take. Na miƙe, shi ma ya miƙe. Kawu ne ya damƙe hannuna ya zaunar da ni da ƙarfi, ya ce da ni a hankali, "Zauna, ɗana. Ka manta inda kake?"

Italiya ta ɗauki kofin a bugun fenariti, kuma bugun Saka ne na ƙarshe da gola Donnarumma ya tare. Muna tafiya gida ina ta huci, Kawu yana ta dariya. Ya ce, "Wannan jan rigar ne ya ɗaga muku hankali? Ai da kun ga malaminsa, da kun san Chiellini ustazu ne." Na ce wane ne malaminsa? Muka zauna a bencin mai shayi, ya shiga ba ni labari.

A 1982 Kawu yana saurayi, yana bin motar goro tsakanin Badun da Kano. Ya ce a lokacin gidajen da ke da talabijin a layinsu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, mai baƙi da fari ce, ana fito da ita tsakar gida yara su zauna a ƙasa. Kofin duniya a Sifen aka yi. Italiya ta fara da ƙyar, canjaras uku ta yi a zagayen farko, da Folan da Peru da Kamaru, kuma da yawan ƙwallon da aka ci kawai ta tsallake Kamaru ta bar ta a baya. Sai ga shi a zagaye na biyu an haɗa ta rukuni guda da Ajantina mai riƙe da kofi da kuma Brazil, wadda kowa ya gama ba ta kofin tun kafin a fara. Kawu ya ce babu wanda ya ba Italiya ko sisi.

Ranar 29 ga Yuni, a filin Sarriya na birnin Basalona, kocin Italiya Enzo Bearzot ya ba Gentile aiki guda ɗaya: Diego Maradona, mai shekara 21. Kawu ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutum ya manne wa mutum haka ba. In Maradona ya je dama yana nan, in ya koma tsakiya yana nan, kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa an riga an taɓa shi, ko a ja riga, ko a sa gwiwa, ko a taka dunduniya. Ba ya barin sa ya juya ya fuskanci raga, domin ya san in ya juya an gama. Ya karɓi katin gargaɗi, amma ya ƙarasa wasan. Tardelli da Cabrini suka ci, Passarella ya rama ɗaya, aka tashi biyu da ɗaya. Daga baya aka yi ta yawo da maganar da aka ce ya faɗa, wai ƙwallo ba wasan 'yan rawa ba ne.

Ranar 5 ga Yuli, a wannan filin dai, aka sake ba shi Zico na Brazil. Zico ya kufce masa sau ɗaya ya miƙa wa Socrates ya ci, amma a wata haɗuwar sai da rigar Zico ta yage, ya je yana nuna wa alƙalin wasa yagar, alƙali ya ce a ci gaba. Paolo Rossi ya ci uku, Brazil ta ci biyu, aka kore ta. Gentile ya sake karɓar katin gargaɗi, saboda haka bai buga wasan kusa da na ƙarshe da Folan ba. Ya dawo a wasan ƙarshe da Jamus ta Yamma a Madrid, kuma shi ne ya kwaso ƙwallon daga dama da Rossi ya sa wa kai ya ci ta farko. Aka tashi uku da ɗaya. Ranar kuwa 11 ga Yuli ce, daidai da ranar da muke zaune a bencin mai shayi, shekara 39 tsakani.

Da na koma gida barci ya ƙi zuwa, sai na ɗauki waya na shiga YouTube ina neman tsofaffin wasannin. Duk abin da Kawu ya faɗa na gani, har da ƙari. Na kuma gano cewa "malaminsa" da ya ce ba zolaya ba ce, domin Gentile ya horar da ƙungiyar matasan Italiya 'yan ƙasa da shekara 21 daga 2000 zuwa 2006, kuma Chiellini yana cikin yaran da suka bi ta hannunsa. Amma abin da ya sa na tashi zaune a kan katifa shi ne wurin haihuwarsa. Ba a Italiya aka haife shi ba. A Tarabulus ta Libiya aka haife shi, ranar 27 ga Satumba 1953. Tarabulus ɗin nan dai da fataken Kano suke kai wa fata da tufafi a kan raƙuma tun zamanin kakanni.

Asalin iyayensa mutanen tsibirin Sisili ne, suna cikin dubban 'yan Italiya da suka zauna a Libiya. A titunan Tarabulus ya koyi ƙwallo tare da yaran Larabawa, kuma ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa a can ya koyi taurin kai da kare kansa, domin wasan yaran unguwa babu alƙali, wanda ya yi sanyi shi ake takawa. Yana ɗan shekara takwas iyalinsa suka tattara suka koma Italiya, suka zauna a arewa kusa da tafkin Komo. Ka ga yaro ɗan kudu ta wajen iyaye, ɗan Afirka ta wajen haihuwa, fatarsa ta fi ta sauran duhu, an kawo shi cikin mutanen arewa.

Da ya yi suna sai aka laƙaba masa "Gaddafi", saboda garin haihuwarsa da kamanninsa. Shi kuwa ya tsani sunan, kuma yana da hujja. Gaddafi ya karɓi mulki a 1969, a 1970 ya kori 'yan Italiya kusan 20,000 da suka rage a Libiya, ya ƙwace dukiyoyinsu. Wato mutumin da ya kori jama'arsu daga garin da aka binne cibiyarsa, da sunansa ake kiran sa a ƙasar da ake cewa ita ce tasa. A Libiya shi Bature ne, a Italiya kuma Balarabe.

A nan dole in faɗi gaskiya kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. 'Yan Italiya da bindiga suka shiga Libiya a 1911, su suka rataye Umar Mukhtar a 1931, kuma abin da suka yi wa mutanen ƙasar ba abin mantawa ba ne. Kakanninmu kuwa da shanu da igiya da kuɗin goro suka zo Badun, da izinin masu gari suka zauna, aka yanka musu Sabo a 1916. Ba mu mulki kowa ba. Amma jaririn da aka haifa a 1953, bayan Libiya ta samu 'yancinta a 1951, bai zaɓi tarihin da ya tarar ba. Ta wannan ɓangaren ne na ga kaina a cikinsa.

Kakana ne ya zo Badun daga ƙasar Kano. An haifi mahaifina a Sabo, ni ma a Sabo. Yarbanci a bakina kamar ruwa, amala da ewedu ba su fi ƙarfina ba, in Shooting Stars na wasa a filin Adamasingba, wanda daga gidanmu da ƙafa ake zuwa, ina cikin masu ihu. Duk da haka in na tsallaka titi sunana "aboki" ko "Mola" ko "Gambari". Da na je Kano bikin 'yar baffana kuwa, ina buɗe baki 'yan uwa suka fashe da dariya, wai Hausata ta sha manja, har na dawo "ɗan Badun" suke ce mini, wasu ma "Bayarabe". Lokacin da na gama sakandare ina neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, a garin da aka haife ni aka ce in tafi garinmu. Na hau mota na kwana a hanya zuwa garin da sau uku na taɓa taka shi, a can ma sai da wani dattijo ya tsaya mini ya lissafo kakanni kafin a sa hannu. Duk wanda ya tashi a zango ya san wannan tafiya.

Mu koma kan Gentile. Ya fara da ƙananan ƙungiyoyi, Arona da Varese, sannan Juventus ta birnin Turin ta ɗauke shi a 1973. Shekara 11 ya yi a can, ya ci kofin gasar Italiya sau shida, da kofin ƙalubale na ƙasar sau biyu, da kofin UEFA a 1977, da kofin zakarun ƙalubale na Turai a 1984. Babban kofin Turai ne ya kufce masa, Hamburg ta doke su ɗaya da nema a wasan ƙarshe na 1983. Daga nan ya yi shekara uku a Fiorentina, ya rufe da Piacenza. Ya buga wa ƙasarsa wasa 71, ƙwallo ɗaya tak ya ci mata. A bayan Juventus da na Italiya tare suke da gola Dino Zoff da Antonio Cabrini da Gaetano Scirea. Scirea mutum ne mai sanyin hali wanda ba a taɓa ba shi jan kati ba, shi ke share abin da ya wuce, Gentile kuwa shi ake turawa ya shiga jikin mutum. Wani abin dariya, kalmar "gentile" a harshensu tana nufin mai kirki, mai taushin hali.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Mutumin da duniya ta sani da ƙeta, wanda in ana lissafa mugayen 'yan baya sai an sa shi a sahun gaba, sau ɗaya aka taɓa korar sa daga fili, a wasan Juventus da Club Brugge ta Beljiyam a 1978, shi ma katin gargaɗi na biyu ne ya jawo. Da na sake kallon wasansa da Maradona da wannan a raina sai na ga abin da ban gani ba da farko. Ba ya shiga da ƙafa biyu don ya karya mutum. Ba ya kai naushi, ba ya biye wa zagi, ba ya tsayawa musu da alƙali. Yana takura maka ne har ka gaji, yana tafiya a kan gaɓar doka kamar mai tafiya a kan katanga, amma ya san daidai inda katangar ta ƙare. Zafinsa da lissafi yake. Ya san in aka kore shi, mutum goma ya bari a cikin wahala.

Ba ina wanke shi ba ne. Da dokokin yanzu ne, da aka tsananta hukuncin shiga ta baya tun 1998, ga kuma na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙali, da wuya ya kai hutun rabin lokaci a wasan nan. Kuma duk mai son ƙwallo ya san an zalunci Maradona a ranar. Abin da na ɗauka a wurinsa shi ne sanin iyaka, domin ni na taɓa rasa shi, kuma na ga abin da ya biyo baya.

Ina ɗan shekara 17 muka je wasa da yaran wata unguwa a filin wata makarantar firamare. Mai buga musu gaba ya fi ni gudu, kuma bakinsa bai huta ba tun da aka fara. Ya zagi goro, ya zagi shanu, na yi shiru. Da ya ce mu tattara mu koma inda muka fito, sai idona ya rufe. Ƙwallo na zuwa na bar ta, na bi ƙafarsa da duka ƙafafuna biyu. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Kafin ka ce kwabo fili ya rikice, 'yan kallo sun shigo, duwatsu na tashi, da ƙyar muka kai Sabo. Da magariba labari ya canza kama a gari, an daina cewa yaro ya karya yaro a wajen ƙwallo, ana cewa Hausawa sun karya ɗan Yarbawa.

Mahaifina bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Bayan sallar isha'i ya sa babbar rigarsa, ya zaɓi ƙwaryar goro fari mai kyau daga cikin huhun da ya ware wa babban abokin cinikinsa, ya kira dattawa biyu na layinmu, ya ce in ɗauko goron in biyo su. Muka je gidan su yaron. Na ga mahaifina, mutumin da 'yan dako da direbobi suke rusuna wa, ya cire takalmi ya durƙusa a gaban wani mutum da bai kai shi shekaru ba, yana ba shi haƙuri da Yarbanci. Ya biya kuɗin asibiti da na mai ɗori. Allah ya saka wa mahaifin yaron nan da alheri, shi ya fita da kansa ya kwantar da samarin unguwarsu, ya ce wasa ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

A hanyar dawowa Baba bai ce uffan ba sai da muka zo kwanar Mokola. Ya tsaya ya ce, "Ka ji ni da kyau. In ɗan gari ya yi laifi, laifinsa ne shi kaɗai. In ɗan Sabo ya yi, Sabo ce ta yi. Ƙafar da ka karya ɗaya ce, amma shaguna nawa ne a layinmu?" Na ce, "Baba, ai shi ya fara zagin mu." Ya ce, "Na sani. Ni ma an zage ni, an zagi kakanka. Ka ga mun bar garin? Ba a ce ka zama rago ba. Ka tsaya a inda kake, kada ka matsa, amma kada ka ba su abin da za su riƙe."

A lokacin na ɗauka tsoro ne irin na tsofaffi. Sai da rikicin kasuwar Shasha ya faru a watan Fabrairu na 2021 na gane. Saɓani ne tsakanin mutane ƙalilan, aka rasa rai ɗaya, kafin kwana biyu kasuwa ta kama da wuta, an yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare, mata da yara suna neman mafaka, wasu suka hau manyan motoci zuwa Arewa ba su sake dawowa ba. Mu a Sabo mun yi kwanaki muna barci da ido ɗaya. Wata biyar kacal bayan wannan ne na miƙe zan yi dambe a gidan kallo saboda an ja rigar wani yaro a Landan. Shi ya sa Kawu ya tambaye ni ko na manta inda nake.

To 'yan uwa, ni dai a ganina zaman zango aikin ɗan baya ne. Ɗan gaba zai ɓarar da ƙwallo tara ya ci ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya zai tare tara, ya yi kuskure ɗaya, a manta da taran. Haka iyayenmu suka yi shekara sama da ɗari a garin nan. Maigidan da ke saukar da fatake ya tsaya wa baƙonsa a kan kuɗinsa ko da wa ake rigimar, dillalin shanu ya bi bashinsa har gidan mahauci ba ya jin kunya, mai canji ya ƙirga kuɗinsa a gaban kowa. Babu wanda ya isa ya ce su ragwaye ne. Amma sun san katangar, kuma sun san jan katin mutum ɗaya unguwa ce take biyan sa.

Sai dai akwai inda na rabu da Baba, kuma na gaya masa a gaban idonsa cikin ladabi. Shi ya yarda cewa mu baƙi ne, haka Allah ya tsara. Ni kuwa zuciyata ta ƙi karɓar wannan. Gentile yana da ƙasar da aka mayar da shi yana ɗan shekara takwas. Ni ina za a mayar da ni? Kabarin kakana a nan yake, makarantar allon da na yi a nan take, in na yi mafarkin gida rufin kwanon Badun mai tsatsa nake gani. Zan kiyaye iyaka kamar yadda ya koya mini, domin na ga amfaninta da idona. Amma ina fatan 'ya'yana su tashi a garin da in sun yi kuskure za a ce wane ne ya yi, a bar unguwarsu da ƙabilarsu su huta. Da na faɗa masa haka sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya nuna mana." Ban sani ba ko addu'a ce ko kuwa tausayina ya ji.

Shi ma Gentile ƙarshen aikinsa bai zo masa yadda ya so ba. Ya ci wa Italiya kofin matasan Turai a 2004, a shekarar kuma ya samo mata lambar tagulla a wasannin Olamfik na Atina, amma a 2006 aka sauke shi, kuma tun daga nan bai sake riƙe wata ƙungiya ba. Ya sha fitowa a jaridu yana cewa ƙin karɓar alfarma wajen zaɓen 'yan wasa ne ya jawo masa. Ko ma mene ne, mutumin da ya hana Maradona da Zico sakat ya ƙare yana kallon ƙwallo daga gida kamar ni da kai.

Saka kuwa, yaron da na goyi bayan a ja wa riga, a daren da ya ɓarar da fenaritin nan wasu Turawan Ingila suka bi shi da zagin launin fata a intanet, shi da Rashford da Sancho, har da masu cewa su koma inda suka fito. Yaron da aka haifa a Landan. Da na karanta washegari sai jikina ya yi sanyi, domin kalmar da ta sa na karya ƙafar mutum ce aka jefe shi da ita. Shi bai karya kowa ba, ya koma fili ya ci gaba da aikinsa. Bayan Sallah na nemi ƙaton nan na bencin gaba na kai masa naman layya. Ya karɓa yana dariya, ya ce shi ma bakinsa ne ya yi zafi. Yanzu in ya shigo Sabo cin tsire sai ya leƙo shagonmu, har yau Gambari yake ce mini, ni kuma ina ce masa ɗan Mokola mai bakin tsiya.

Har yanzu ina buga baya ranar Lahadi da safe. Yaran layinmu sun ji labarin a bakin Kawu, sun koma kira na Jantile, kuma wannan sunan dai ban ƙi shi ba. Ina jan riga, ba zan yi muku ƙarya ba, ina kuma sa kafaɗa. Amma tun daga waccan ranar ban sake shiga wa ɗan kowa da ƙafa biyu ba. Wanda na karya ɗin ya warke, yana sana'ar gyaran waya, sai dai bai sake buga ƙwallo ba, kuma duk sanda na gan shi sai na ji nauyi a ƙirjina.

Ƙannena masu zuwa fili da gidajen kallo, ku riƙe wannan. Dattawanmu kuma da suka ga wasannin 1982 da idonsu, in akwai inda Kawu ya ƙara gishiri ko ni na yi kuskure, a gyara mini. Allah ya zaunar da Badun lafiya, ya ba mu haƙurin zama da maƙwabta, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana Sabo. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.

Naku,
Ɗan mai goro, daga Sabo, Badun.